Agogon da Ke Aljihun Fada

A ikilisiyarmu ba wanda ya taɓa mutuwa shi kaɗai. Magana ce tabbatacciya, domin shugaban kwamitin coci ne ya faɗe ta, mun kuma sa an rubuta a allon ƙarfe an kafa a bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya muna riƙe da wannan suna. Yadda muke yi kuwa ba wuya: idan ciwon mutum ya yi tsanani, sai mu aika a kira Fada.

Kullum da sassafe yakan buɗe cocin da kansa, ya tsaya gaban bagadi yana jiran haske ya biyo ta gilashin taga mai launi-launi. Shuɗi ne ke fara sauka a bencin tsofaffin mata, sannan ja ya rarrafo har gefen farar rigarsa. Mutum bakwai ko takwas ke zuwa addu'ar safe, da sauran barci a idonsu, shi kuma yana musu wa'azi a hankali kamar mai gudun kada ya tashe su. Daga nan sai ya rataya 'yar jakarsa mai kwalbar man shafe marasa lafiya, ya hau keke. Keken ma ba nasa ba ne. Ɗan wata ƙungiyar limamai ne masu alkawari uku: ba aure, ba dukiya, ba musu da na gaba. Mu da muka haɗa duka ukun mun sha tausaya masa.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara lura da ɗabi'arsa. Idan ya iso ƙofar ɗakin mara lafiya, yakan kwance agogon hannunsa ya jefa a aljihu, ba ya fito da shi sai ya fita. Ta tambaye shi dalili, ya ce ido ba shi da kunya, yakan saci kallon agogo, mai shirin tafiya kuwa ba abin da yake gani sarai kamar gaggawar wanda ke zaune kusa da shi. A waɗannan ɗakuna lokaci yakan kwanta ya miƙe ƙafa. Labule na motsi, inuwa na zagaya bango, tsoho na ba da labarin wani kogi da ya yi wanka a ciki yana yaro, Fada na tambayar ko ruwan da sanyi.

Fada, kai ne inuwar da ba ta tambayar wa ya zauna. Kai ne ka riƙe hannun mahaifanmu a ranakun da aiki ya yi mana yawa, kuma aiki bai taɓa yi mana kaɗan ba.

A duniya mutum ɗaya ya rage masa, yayarsa da ta goya shi. Duk shekara takan saƙa masa hular sanyi, kullum ta yi masa kaɗan, don a idonta kansa bai girma ba. A bana takarda biyu suka zo masa a mako guda. Shugaban ƙungiyarsu ya ce ya huta, ya koma gidan tsofaffin limamai. Asibitin garinsu kuma ya ce Yaya na kwance, kwanakinta sun ƙidayu. Aka ba shi izinin ya biya ta wurinta, aka turo mota. Ya so ya tashi ranar Juma'a, muka ce sam, mu ba butulu ba ne, sai an yi bikin sallama ranar Lahadi. Ya yi biyayya, da ma sana'arsa ce.

Shugaban kwamiti na tsakiyar jawabi, ya iso daidai maganar allon ƙarfe, sai wata mata ta tsuguna gefen kujerar Fada ta yi masa raɗa. Duk mun gane ta: 'yar mai gyaran agogon bakin kasuwa ce, wanda muke kira Sarkin Gardama, wanda ya yi shekara ashirin bai taka coci ba saboda rikicin wurin zama. Duk mun gane abin da ya kawo ta. Mu wajen ɗari uku ne a wurin, da dattawa da malamin katikisma, kowa ya san hanyar gidan. Sai dai an riga an buɗe kulolin abinci.

Fada ya ce wa direba ya ɗan jira. Ya ɗauki jaka.

'Yar ce ta ba ni labarin sauran. Ta ce a ƙofa ya kwance agogon kamar kullum, amma tsohon kunnensa na sana'a bai mutu ba.

"Fada, ina jin abin nan a aljihunka. Gudu yake yi, ya ƙara minti uku. Wa ya taɓa maka shi?"

"Wani abokin sana'arka."

"Maƙeri dai." Ya ɗan numfasa. "An ce yayarka na kwance. Tashi ka tafi, ni ba yau na fara zama ni kaɗai ba."

"Yaya ta saba jirana, Baba. Tun ina rarrafe take yi."

Sarkin Gardama ya yi gardama da mutuwa kwana biyu cur, ba wanda ya yi mamaki. Ya yi ikirarin zunubansa, ya haɗa da na shugaban kwamiti. Ranar Talata da hantsi ya cika, hannunsa cikin na Fada. Daga cikinmu waɗanda suka leƙa a kwanakin nan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, ni ma ban samu sarari ba.

Mun gode, Fada. Godiyar ta yi maka kaɗan, kamar hular. Ga masu karatu kuwa, roƙona ƙarami ne: idan kun je duba mara lafiya, ku sa agogo a aljihu. Kafin wannan ma, ku je.

Direba ya ce sun isa asibitin da la'asar ɗin ranar Talatar. Wata ma'aikaciya ta tare su a baranda da jakar leda, ciki da zare da hular da ba a gama ba. Ta ce Yaya ta cika jiya da rana, lokacin canjin aiki, ba kowa a ɗakin. Fada ya tsaya a ƙofar ɗakin da aka riga aka sauya wa zanin gado, ya kwance agogonsa, ya sa a aljihu, ya shiga ya zauna.

Allon yana nan a bakin ƙofar coci, ana goge shi duk Asabar. Ba ƙarya a jikinsa. Yaya ba 'yar ikilisiyarmu ba ce.