Makirfo a Kan Gora

Ni ban yi boko ba. Abin da na iya shi ne gyaran keke, sai lasifika, wadda na koya lokacin da nake bin motar 'yan siyasa ƙauye-ƙauye ina ɗaura masu ƙaho a kan rufi. Bayan an samu mulkin kai hayaniya ta lafa, mai kayan ya bar su a shagona a Dutsin-Ma: ƙaho ɗaya, akwatin ƙara murya, da makirfo guda mai gajeruwar waya. Batir kuwa sai na roƙi direban babbar mota ya ara mani.

Wata shekara bayan girbi, hedimastan wata firamare a Kurfi ya aiko a kira ni. Yara za su yi wasan kwaikwayo mai waƙoƙi, hakimi zai zo, da Baturen da ke duba makarantu. Na loda kaya a motar kasuwa na tafi.

Hedimastan baƙo ne a garin, bai san ɗana na fari yana makarantarshi ba. Tun da aka yaye yaron mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Kurfi, kamar yadda ake yi. Ban taɓa kiran sunanshi ba. In na je gaida tsohuwa sai ya durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon bango, ya tashi. Haka ubana ya yi da ni, ban kuwa mutu ba.

Da hantsi aka yi gwaji. An jera bencina gindin dalbejiya, an shimfiɗa katako a kai, shi ne dandamali. Na ɗaure ƙaho a jikin itacen, ta hannun dama. Tunda makirfo ɗaya ne, sai na tsuguna a gaban dandamalin, duk wanda zai yi waƙa in miƙa mashi a baki. Wasan na wani manomi ne da tsuntsaye suka addabi geronshi. Manomi ya yi tashi waƙar, tsuntsaye suka yi tasu suna ta tsalle da fukafukan kwali. Sai aka kira mai tsaron gona, wanda waƙarshi ce mafi tsawo. Na ɗaga kai na ga yaron gidanmu.

Ya gan ni, ni a ƙasa shi a sama, hannuna miƙe wajen bakinshi. Sai ya sunkuyar da kai.

"Fara mana," in ji hedimasta.

Numfashinshi kawai ke fita ta ƙaho, duk filin ana ji.

"Kai, jiya ba kai ne ka cika mana kunne ba? Ƙarfen ne ya tsorata ka? Ba ya cizo."

Yara suka yi dariya. Hedimasta bai yi ba. Ya ce shi yake zaɓen waɗanda za a tura Katsina su ci gaba da karatu, kuma ya riga ya yaba wa Baturen wannan yaro. Amma wanda ba ya iya buɗe baki gaban mutane, ba zai kai shi ko'ina ba. In bai yi waƙa da la'asar ba, ya manta da Katsina.

Ni dai ina tsugune, hannuna ya sage. Yaro ya yi waƙa ubanshi na kallon cikin bakinshi? Ko ni a lokacin da ƙatuwar kasumbata ba na ko yin fito da baki in ubana na kusa. Kuma ba zan iya buɗe baki in ce ɗana ne ba.

Wani tsohon malamin Arabiyya da ya san gidanmu ne ya ja hedimasta gefe ya yi mashi raɗa. Hedimasta ya dawo yana harara ta.

"Malam, me ya hana ka faɗa tun da safe?"

"Da wane bakin, ranka ya daɗe?"

"To ba wani ɗan makaranta ya riƙe."

Na ce ko an ba wani, dole in zauna kusa da akwatin, don in makirfo ya matsa gaban ƙaho lasifika za ta saki kuka irin na kare da aka taka wa wutsiya. Wayar kuma ba ta kai nesa.

Ya tsaya yana susar ƙeya. Can ya ce a kawo zana biyu da doguwar gora. Aka kafa zanar a bayan dandamali, na mai da akwatin can, aka ɗaure makirfo a bakin gorar da tsumma. Zan tsaya a baya in zuro ta bisa kawunan yara. Ya ce wa yaron da ƙarfi, don kowa ya ji, "Mai lasifika ya tafi kasuwa, wani ne zai riƙe." Yaron ya san ƙarya ce. Ni ma na san ya sani.

Bayan la'asar fili ya cika. Ina jin muryar tsohuwa can cikin mata tana cewa a matsa mata, jikanta ne zai yi. Ba na ganin komai sai ɗan tsagin da ke ƙasan zana, inda ƙafafu ke wucewa. Da ƙafa na riƙa gane mai waƙa ina bin shi da gora. Gorar da nauyi, gumi na shiga mani ido, ba hannun da zan share.

Ƙafafun yaron gidanmu na gane su, don babban yatsanshi na dama na ɗaure da tsumma, ya yi tuntuɓe. Suka zo tsakiya suka tsaya. Na sauke gora daidai inda nake zaton kanshi yake. Ganga ta buga, ta sake bugawa, ba murya. Na ji kujerar hedimasta ta yi ƙara.

Sai ya fara, a hankali kamar mai magana da kanshi, sannan muryar ta buɗe. Ban taɓa jin ta haka ba. A gabana iyakarta "ina kwana".

Matsalar, a wasan sai ya bi tsuntsaye yana kora. Tsuntsayen suka gudu dama, wajen ƙaho, shi kuma ya bi su. In na bi shi da gora, kuka. In ban bi ba, ba mai jin shi. Lasifika ta fara ɗan siririn fito, alamar abin na zuwa. Gyaran murya ya taho mani har maƙogwaro, irin wanda nake yi in zan shiga gidan tsohuwa don ya kauce. Da na sake shi, da ƙaryar kasuwa ta tonu, da waƙa ta mutu nan take. Na haɗiye.

Na sauke gorar har makirfo ya shafi hularshi, sannan na ja ta hagu a hankali. Ƙafafun suka tsaya. Waƙa ta katse. Ganga kaɗai ke tafiya. Sai yatsan mai tsumma ya juya. Ya biyo gorar, kamar akuya bayan ganye, ya ɗauki waƙar daga inda ya aje. Tsuntsayen, da suka ga ba mai korar su a can, suka dawo da kansu. Fiton ya mutu.

Ya kai ƙarshe. Aka yi ta tafi, tsohuwa na guɗa da ragowar haƙoranta. Na aje gora na zauna a ƙasa, hannuwana sun ƙi miƙewa.

Ina naɗe waya hedimasta ya leƙo bayan zana.

"Mutumin da ya tafi kasuwa, an dawo? To a fara neman akwatin ƙarfe, Katsina ba a zuwa da ƙunshin tsumma."

Da ya wuce sai ga yaron da kwanon ruwa. Ya aje nesa kaɗan, ya durƙusa, ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Na amsa ina kallon batir. Na sha ruwan duka.

Har yau akwai mutanen Kurfi da ke kwatanta mani yadda ya riƙa kaɗa hannu ran nan, da yadda Bature ya karkata kai yana saurare. Sai in ce to. Ni ƙafafu na gani.