Guɗar Motar Yohanna

Duk wanda ya taɓa jiran mota tsakanin Wara da Yelwa ya san Yohanna Mai Guɗa, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan Tungar Ɗorawa ne, can bakin ruwa, inda yara ke iya tuƙa kwalekwale tun ba su iya ɗaura wando ba. Shi kaɗai ya fita zakka. Da an sa shi cikin jirgi, kafin a bar gaɓa cikinsa ya juya, har ubansa ya haƙura ya ce wannan ba na ruwa ba ne, a bar shi ya nemi abincinsa a tudu. Ya fara da lodin buhuna a tashar Yelwa, ya yi karen mota, gemu na cika masa fuska Hajiya Murjanatu mai albasa ta damƙa masa makullin tsohuwar motarta mai bodin katako.

Motar nan ce ta ja masa suna. Fanbel uku gare ta, siraran nan masu ƙugu da ke zama cikin kwarin fuli, faifan ƙarfen nan da ke juyawa gaban inji: ɗaya na fanka da famfon ruwa, ɗaya na cajin batir, ɗaya na sitiyari. Kullum da safe Yohanna zai ɗaga bonet ya danna kowanne da babban yatsa, kamar mai zaɓen gwanda a kasuwa. Biyu suna jin magana. Na sitiyarin ne ɗan kansa, ko yau aka ɗaure shi, gobe ya saki. Da ya sha kwana mai ƙarfi sai ya tsala wata ƙara, ayyururui, har awaki su watse. Yaran tasha suka sa wa motar Mai Guɗa, sannu a hankali sunan ya sauko daga motar ya hau direban.

Muhammadu bakanike, amininsa tun suna lodi tare, ya sha cewa, “Kai Yohanna, kawo ta in canza ƙarhen da ka riƙon shi, mu huta da wagga amarya taka.” Sai ya yi dariya ya ce wani sati. Yana da dalili, bai dai faɗa ba.

Daidai saman Tungar Ɗorawa akwai wata kwana, an haye ƙorama kenan. Nan fanbel ɗin ya fi rera guɗarsa, musamman in ya sha ruwa. Can ƙasa kuma, bayan gonakin dawa, Innarsa na zaune gindin mangwaro, idonta ya daɗe da tafiya amma kunnen nan tangaran. Da ta ji sai ta ce da ƙanwarsa Rahila, “Ga Yohanna can.” Shi kuwa ba ya tsayawa. In ya nufi Yelwa, kasuwa na jiransa. In zai koma, fasinjoji sun cika bodi kowa na ɗokin gida. Sai dai ya miƙa wa wani mai sauka gishiri da sabulu ya ce a kai wa Inna, a ce mata yana nan tafe. Guɗar ce gaisuwarsa, kuma har ga Allah ya ɗauka ta wadatar.

Ana haka Hajiya ta sayar da tsohuwar, ta sayo wata 'yar kwalisa mai farin kai. Da Yohanna ya ɗaga bonet sai ya tsaya riƙe da haɓa. Fanbel ɗaya tal, faffaɗa mai zane a ciki, ya bi ta nan ya ɓulla ta can, ya nannaɗe kowane fuli. Ya kai yatsa zai danna, Muhammadu ya buge masa hannu.

“Aje yatsanka, ya yi ritaya. Ka ga wanga hannu mai sifirin? Shi ka ɗaure shi da kainai, ba ruwanka. Amma ka ji ni da kyau. Waccan in guda yat tsinke, biyu na kai ka gida. Wagga guda na, shi ka jan komi. In yaf fita, ba ruwa, ba wuta, ba sitiyari. Kak ka taɓa shi.”

Mota kam ta yi daɗi, ba a magana. Tana shan kwanar Tungar Ɗorawa shiru, ko kaza ba ta ɗaga kai. Yohanna ya riƙa danna ham iyakar ƙarfinsa in ya zo wurin, yana zaton ya biya.

Ran nan Rahila ta kira shi a waya, muryarta ba daɗi. “Yaya, Inna ta bar cin abinci. Kunu ma sai na yi da gaske. Ta ce wani abu ya same ka muna ɓoye mata.”

“Ba ta jin ham ɗina?”

“Ta ce ham kowane mai kashe awaki na da shi.”

“To ba ta wayar.”

Ya ji Rahila na lallashi, ya kuma ji Inna daga nesa tana cewa a ɗauke mata wannan kwalin, murya cikin kwali kowa na iya kwaikwayo. Hankalinsa ya tashi sosai, don duk rawar kansa Yohanna na son uwarsa. Sai dai lokacin kwasar albasa ne, mota ba ta kwana wuri ɗaya, kuma kan direba kan direba ne. Da ya zauna ya yi tunani, abin da ya gano shi ne guɗa ta ɓace, saboda haka a nemo guɗa.

Ya je wurin Muhammadu ya ce a sassauta masa fanbel kaɗan. Muhammadu ya dube shi sama da ƙasa. “Shekara nawa nika hwama da kai ka bari in kashe kuka, yanzu Allah ya kashe ma shi kyauta, kana son in tada shi? Tashi ka ba ni wuri.”

Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Washegari da hantsi, ya ɗauko albasa daga Wara, ana saura kaɗan a kai ƙorama ya tsaya. Ya sa sifana ya ja hannun sifirin baya, ya cusa guntun iccen ƙirya ya tokare shi. Ya danna fanbel da yatsa, ya ji ya yi laushi yadda ya saba, har da murmushi. Ya haye ruwa, ya murza sitiyari, ya kasa kunne. Ya samu guɗarsa kuwa, amma 'yar gajeruwa, sai fat! fanbel ya fita. Sitiyari ya ƙage, jar wuta ta kama, allurar zafi ta fara hawa. Da ƙyar da addu'a ya kai ta gefen gonar dawa ya kashe.

Ya kira Muhammadu, wanda ya yi dariya har da tari kafin ya ce yana tafe kan babur. Ba abin yi sai jira, rana kuma ta fara zafi. Yohanna ya dubi 'yar hanyar da ta gangara tunga, ya kakkaɓe wando ya bi ta.

Ya tarar da Inna gindin mangwaro, kwanon kunu gabanta ƙuda na bi. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Ya durƙusa.

“Wa na?”

“Ni na, Inna.”

Ta laluba ta kamo kunnensa, ta shafa gemun, ta shinshina rigarsa mai warin gas da albasa, sannan ta murɗe kunnen da kyau. “Ja'iri. Ashe sai mota ta mutu kaka tuna hanyar gida.” Ta ɗaga murya ta ce Rahila ta ɗora tuwo, a sa kifin nan da aka banda jiya, ita ma yunwa take ji.

Suna ci kwano ɗaya yana ba ta labari, yadda sabuwar mota ba ta kuka, da yadda ya tokare ta da icce don ta yi mata guɗa. Inna ta yi dariya har tana riƙe ciki, Rahila ma ta kasa tsayuwa. Da ta natsa ta goge ido da bakin zane.

“Wa yac ce maka ina son kukan nan? Kowace ranar kassuwa sai in sa Rahila ta zuba ma tuwo ta ruhe. In naj ji kukan, na san kana da rai. In naj ji ya yi nisa, sai in ce ta ba yara.”

Yohanna ya dubi Rahila, ta sunkuyar da kai. Lomar da ke hannunsa ta kasa kaiwa baki. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe sitiyari, hawaye suka zubo masa cikin gemu bai share ba.

Can sai ga muryar Muhammadu daga bakin hanya, yana ƙwala kira, wai ya mai da fanbel ya jefar da iccen banza, a zo a tayar kafin kasuwa ta watse. Yohanna ya gyara zama kan tabarma ya jawo kwanon miya.

“Rahila, je ki ce mai ya sauko ya wanke hannu. Albasa ba ta da uwa, ta jira.”