Bindiga ta Goma Sha Biyu

Darlene Salmi ta shekara ashirin da uku tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a wani ƙauye da ke can ƙuryar arewacin Michigan, inda daji ya fi mutane yawa. Ba ta taɓa yin karo ba, ba ta taɓa manta ɗan kowa a mota ba. Ta yi aure, auren ya mutu, ta koma amsa sunan gidansu. Tana da shekara hamsin da huɗu ta kwashe kayanta ta dawo ɗakinta na ƙuruciya, don ta kula da mahaifinta Arvo, wanda mantuwa ta fara ci.

Arvo tsohon ma'aikacin mahaƙar ƙarfe ne, maharbi kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Shi ya koya mata harbi da gwangwanaye a kan kututture. Da farko mantuwar ba ta wuce makulli da sunayen jikoki ba. Daga baya ya fara tsayuwa a taga yana duban bakin dajin da ke bayan gida. Ya ce akwai mutane a tsaye tsakanin itatuwa, ba sa motsi, gidan kawai suke kallo. Ranar tara ga Agusta, matar da ke raba wasiƙu ta jefa takarda a akwatin bakin hanya, ta ja motarta. Ba ta yi nisan taku ashirin ba harsashi daga tagar Arvo ya huda akwatin.

Akwai doka a jihar da ta ba iyali damar zuwa kotu su nemi a raba mutum da bindigoginsa na shekara guda, idan ana tsoron zai cutar da kansa ko wani. Darlene ta cika takardar a teburin kicin. Alƙali ya tambaye ta bindiga nawa mahaifinta ya mallaka, ta ce goma sha ɗaya, ta rantse a kan haka. Goma sha ɗaya ne a cikin kabad ɗin gilashin da ke falo, ita take goge ƙurarsa. 'Yan sanda biyu suka zo da yamma suka naɗe su a barguna. Arvo yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, yana kallonsu.

Ƙanenta Curtis ya kira ta a waya.

"Yaya, sannu da ƙoƙari. Ki haɗa da cokula mana, da wuƙar yanka burodi, ki kai wa alƙalin naki."

"Kai mai tausayi, zo ka yi kwana biyu da shi."

"Ina da aiki."

"Ni kuma rawa nake zuwa yi da bas ɗin, ko?"

"Tsohon da ya ciyar da mu da naman daji kika tsiraita a gaban gari. Ki ga wanda zai ƙara gaishe ki a shago."

Wasu sun daina gaishe ta ɗin, wasu kuma suka riƙa matse mata hannu a ɓoye. Abin da ya fi damunta a gida yake. Kullum da safe Arvo sai ya shimfiɗa jarida a tebur, ya ajiye gwangwanin mai da tsumma, ya buɗe kabad ɗin da ba komai a ciki. Ya ɗauko iska da hannu biyu, ya kwantar, ya goge tun daga baki har gindi, ya leƙa cikin bututun da ido ɗaya, ya mayar. Sau goma sha ɗaya yake zuwa kabad. Sannan ya je bakin ƙofa, ya miƙa hannuwa sama da ita, ya sauko da wata, ya goge ta fiye da sauran, ya mayar can sama. Darlene ta ɗauka ruɗewa ce. A gidansu ba a taɓa rataye komai a saman ƙofa ba.

Ranar sha biyar ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa. Makaranta ba ta aiki ranar, don ko an buɗe ba mai zuwa. Darlene ta yi barcinta har rana ta fito. Da ta sauko, gidan shiru, kofi ya huce a buta. Makullin a-kori-kurar Arvo yana aljihunta inda take ɓoye shi, motar tana nan. Takalman Arvo ne babu. Sawunsa ya fita ta ƙofar baya, a kan sabuwar dusar ƙanƙara, ya miƙe sak zuwa tsohon layin dogo. Daga nesa ana jin harbi, ɗaya nan, ɗaya can.

Tana tsaye a bakin ƙofar ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofar. Nan take ta tuna. Layin dogon nan mil huɗu ne zuwa bukkar farautar da kakansu ya gina. A bukkar akwai al'ada: idan ɗaya daga cikin maharban ya mutu, sai a rataye bindigarsa a saman ƙofa, rigarsa a ƙusa. Ba a gadon ta, ba a sayarwa, ba a kiran ta da sunan kowa sai mamacin. Babban da ya rage shi ke sauko da ita duk shekara ya shafa mata mai ya mayar. Yayan Arvo, Onni, zuciyarsa ta tsaya a daji shekara ashirin da shida da suka wuce. Da alƙali ya tambaye ta, ko kusa bindigar da ke bukkar ba ta zo mata a rai ba. Ta Onni ce. Curtis ma da aka tambaye shi haka zai ce.

Ta kira 'yan sanda. Aka ce motoci duk suna waje, mafi kusa sai ta yi minti arba'in. Ta shiga a-kori-kura.

Bukkar a buɗe take, murhu a kashe, don bana ba wanda ya zo. Ƙusoshi biyu na saman ƙofa wayam. A nan ta lura cewa da baƙar rigar sanyi ta fito, kuma ba mai hankalin da zai shiga daji ranar ba tare da riga mai ruwan lemo ba, don kada maharba su ɗauke shi nama. Guda ɗaya ce a bukkar, ta Onni. Ta sauke ta daga ƙusa, ta kakkaɓe, ta saka, ta ja hular da ke tare da ita har gira. Rigar tana warin hayaƙi da ɓera. A aljihun dama ta taɓa kwalin harsashi, ta buɗe, gurbi biyar babu komai.

Ta bi sawun ta cikin itatuwa. Ba iska, ba kukan tsuntsu, sai ƙarar takunta. A bakin wani fili ta hango shi zaune a kan kututture, ba hula, bindiga a kafaɗa, bakinta yana duban ƙetaren filin. Reshe ya karye a ƙarƙashin ƙafarta. Bakin bindigar ya juyo a hankali, ya tsaya a ƙirjinta. Hannun tsohon ko rawa ba ya yi.

Ta tsaya cak. Ta so ta ce Baba, amma wata uku ke nan ba kullum yake gane muryarta ba.

Bindigar ta sauka.

"Ka makara, Onni," in ji shi. "Kullum kai ne na ƙarshe. Barewar ma ta gaji da jira ta tafi."

Onni ba mai yawan magana ba ne, wannan ta tuna. Ta yi gyaran murya kawai, ta matso.

"Zauna. Ka ji abin da Darlene ta yi mini? Gaban alƙali ta kai ni. Yarinyar da na goya a wuya na shigo da ita dajin nan." Ya share hanci da bayan hannu. "Wai na haukace. To kai duba. Ga su can, sun biyo ni har nan. Kana ganinsu ai?"

Ta duba. A ƙetaren filin, tsakanin itatuwa, mutum biyu ne a tsaye cikin ruwan lemo, ba sa motsi. Maharba ne ke jiran nama. Ɗaya ya ɗaga kofi ya kai baki.

"Da na dama zan fara," in ji Arvo, yana gyara zama.

Ta kausasa murya iyakar iyawarta, ta miƙa hannu.

"Ba ni kayana."

Ya dubi hannun, ya dubi bindigar.

"Aro na yi, Yaya. Nawa sun kwashe."

"Ba ni."

"Rowarka dai tana nan," ya ce, ya juya bakin ƙasa yadda ya koya mata tun tana ƙarama, ya miƙo. "Na shafa mata mai. Duk shekara, ban taɓa fashi ba."

Ta juya masa baya ta zare harsasan. Biyar cif, ɗaya yana cikin bututu. Ta zuba su a aljihu, ɗaya ya faɗi, ta tono shi daga ƙanƙara.

Shi ya wuce gaba a hanyar komawa, yana ba Onni labarin waɗanda suka mutu a gari. A bakin bukka ta kulle bindigar a akwatin bayan mota, ta cire hular da rigar ta cusa a ciki. Da ta zagayo, ya dube ta da mamaki.

"Darlene? Me ya fito da ke ba rigar lemo? So kike a harbe ki?"

"Zuwa na yi in kai ka gida, Baba. Shiga."

Ya shiga, amma ya bar ƙofar a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, yana duban hanyar da suka fito.

"Ki jira baffanki. Yana bayanmu."

Ta tada mota, ta jira. Sanyi yana shigowa. Ba komai a hanyar sai sawun mutum biyu. Bayan kamar minti biyar Arvo ya janye ƙafarsa, ya matso tsakiyar kujera har kafaɗarsa ta taɓa tata, ya bar wurin zaman mutum ɗaya a gefen ƙofa. Ya miƙa hannu ta gaban wurin, a hankali, ya ja ƙofar ya rufe.

"To, mu je."

Ba gida ta nufa ba. Da ta hau kwalta ta yi dama, hanyar ofishin 'yan sanda, mil goma sha tara, don ta miƙa bindigar. Duk tsawon tafiyar bai koma gefen ƙofa ba.