Littafin Haihuwa na Malam Labaran

Shekara arba'in Malam Labaran yana rubuta duk jaririn da aka haifa a unguwarsu ta Gidan Goga: sunansa, sunan ubansa, rana da wata da shekarar Hijira. Ba wanda ya sa shi. Shi dai bai yarda da ƙwaƙwalwar mutane ba, balle bakinsu. Ranar da 'yan bindiga suka tashe su, ya bar hatsinsa da akuyoyinsa ya rungumo littafin har Talata Mafara. Ko matarsa ba ya bari ta taɓa shi.

Da wata ƙungiya ta zo ɗaukar yaran 'yan gudun hijira a makaranta, shi ya zauna gaban Dinatu, ma'aikaciyar da ke shigar da sunaye a kwamfuta, yana karanto mata tana bugawa. Yara talatin da bakwai. Ya lura ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya, kuma hakan bai kwanta masa ba.

Ranar Litinin aka manna takardar sunayen yaran da aka ɗauka a bango. Yaran Morai suna nan, na Bakura suna nan, nasu ko ɗaya babu. Kuma Laraba za a rufe rajista.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Dama ya faɗa! Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba, tabbas wani ya raɗa mata ta ba nasa yaran gurbin. Ya same ta a ofis, gaisuwar ma a gajarce.

"Ɗiyata, ina ɗiyanmu? Wa kinka ba wurinsu?"

"Baba, da hannuna na shigar da su," in ji Dinatu.

Ta duba, ta sake dubawa, shi kuwa ya kafa wa yatsunta ido. Can ta dafe goshi. Shekarun da ya ba ta su 1439 ne da 1440, ita kuma ta buga su yadda ta ji. Manhajar kwamfutar ta ɗauke su shekarun Miladiyya ne, ga shi lissafin manhajar bai kai baya haka ba. Maimakon ta yi gargaɗi, wanda ya tsara ta ya sa duk kwanan watan da ya fita iyaka a mayar da shi fanko. Yaron da ba shi da ranar haihuwa kuwa ba ya fitowa a jeri. Haka ta bayyana masa.

"Wato na'urar ta zubar da su ba ta ce komi ba?"

"Ko tari, Baba. Zan kai ƙara a gyara, amma kafin Laraba sai na juya kowace rana zuwa Miladiyya da hannu. Sai kun bar mini littafin zuwa gobe."

Malam Labaran ya dube ta. Kunya ta kama shi, amma shi ba mai ba da haƙuri ba ne. Ya zaro littafin daga aljihun rigarsa, ya goge bangon da hannu, ya ajiye a gabanta.

"Talatin da bakwai ne," ya ce. "Na san su duka."

Ya fita hannu rabbana, karo na farko tun barinsa gida.