Tsohuwar da Aka Tsinta a Kasuwar Babban Mutum

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin jin daɗin jama'a aka tura ni aikin gwaji yankin Baure. Ko hanyoyi ban gama sani ba, sai wani mai unguwa a garin Babban Mutum ya aiko a kira ni. An tsinci wata tsohuwa ranar kasuwa zaune a rumfar masu gero, har aka watse ba ta tashi ba.

Na same ta a gidansa, matarsa ta yi mata wanka, ta dama mata fura. Na durƙusa na gaishe ta.

"Iya, daga wane gari kike?"

"Daga gidanmu," ta ce, tana murmushi.

"Ina ne gidan naku?"

"Inda rijiyar nan take mana, ɗan nan."

Ko sunanta ba ta iya tunawa ba. A aji an koya mana cewa irin wannan sai a miƙa ta gidan kula da tsofaffi. Na tambayi shugabata a ofis, ta ce, "Wane gidan? Ka dai nemo danginta."

Daga ranar zama ya gagare ni. Na ɗauki hotonta a waya, na ari babur ina bin kasuwanni: Baure, Zango, Sandamu, har Mai'adua. Na nuna wa direbobi a tasha, na nuna wa dillalan shanu masu ƙetara iyaka, na roƙi limamai su yi cigiya bayan sallar Juma'a. Wani ya ce ta yi kama da wata tsohuwar ƙauyensu, na tafi cikin ruwan sama, babur ya kafe a taɓo, na tarar tasu tsohuwar tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ko abinci nake ci, sai in ji kamar akwai wata kasuwar da na tsallake.

Matar mai unguwa kan ce, "Malam, ka zauna ka sha ruwa. Ai ba a titi take kwana ba."

Sai da kaka ta yi wani magidanci ya zo daga wani ƙauye a cikin Nijar. Wani dillalin awaki ne ya nuna masa hoton. Yana ganinta ya faɗi gabanta yana kuka, yana kiran "Inna!" Ya ce itacen girki ta fita nema tun farkon damina, har sun fara karɓar gaisuwa.

Ita kuwa ta dube shi, ta kama zanen matar mai unguwa ta riƙe gam.

"Wane ne wannan? Kar ki bari ya tafi da ni."

Ɗanta ne, shaidu sun tabbatar, amma tsoronsa take ji. Na roƙe shi ya kwana biyu a garin, ya riƙa kawo mata abinci da hannunsa. Ya yarda. Da ranar tafiya ta zo, sai da matar mai unguwa ta shiga motar ta zauna kusa da ita, sannan ta yarda aka tafi.

Ba a jima ba wa'adina ya ƙare, na koma makaranta. Na sha kiran lambar ɗan, ba ta shiga. Har yau ban san ko ta gane shi ba.