Ruwa a Jakar Zuciyar Mati Mahauci

Shekara goma sha ɗaya Mahfuza tana liƙa wa mutane wayoyin na'urar gwajin zuciya a wani ƙaramin asibiti a Safana. Ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Amma kafiya? Tabɗi! In ta kafe a kan abu, gara ka je ka ture katanga.

Wata Laraba aka kawo Mati, mahauci daga Zakka, yana haki kamar wanda ya yi tsere da babur. Ƙirjinsa duk shatin ƙaho. Sau biyu wanzami yana zuƙe masa wai mataccen jini. Da aka liƙa masa wayoyin, takarda ta fito, Mahfuza ta ga zanen bugun zuciyar: ɗaya dogo, ɗaya gajere, dogo, gajere, har ƙarshe.

Faisal abokin aikinta ya leƙo ya ce, "Tsagar ƙahon ce ta hana wayoyin kamawa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta goge ƙirjin, ta sake liƙawa, sau uku, zanen bai canza ba. Ta tura hoton wa wani likita a Katsina. Ya ce da alama ruwa ne ya taru a kewayen zuciyar, a kawo shi yau, kada a kwana.

Mati ya ce atafau. Ga sa a ɗaure, gobe yanka.

Ran Mahfuza ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, don ta san in ya koma Zakka ba lalle ya dawo ba. Ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Baba, in ka feɗe rago, zuciyar a cikin me take?"

"Cikin 'yar jakarta mana."

"Ka taɓa tsaga jakar ka ga ruwa fal?"

Ya ce, "Na taɓa. A wata akuya."

"To, haka taka take. Lilo take yi a cikin ruwan, shi ya sa zanen ke hawa da sauka. Ƙaho ba ya kaiwa can. Yaya akuyar take kafin ka yanka?"

Mati ya dubi hannayensa.

"Da ƙyar ta kai wuƙa," in ji shi. "'Yar nan, nemo mini mota."