Tsintsiyar da ya karɓe a hannuna

Jiya na yayyafa ruwa zan yi shara, ƙamshin jiƙaƙƙen siminti ya tuno mini tsohon da ya koya wa ɗiyata Rabi karate a unguwar Zariya. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Ba a fara horo a wurinsa sai ɗalibai sun share ɗakin, sun durƙusa sun goge tapi, shimfiɗar da suke horo a kai, da tsumma. Wata rana na ga Rabi ta taso lakwal, wato makaranta, ta zo wurin horon a gajiye, sai na ɗauki tsintsiya in yi mata. Ya karɓe a hankali, ya ce, "Maman Rabi, in kin share mata, me ya rage in koya mata? Naushi ai ko a titi ana koyo."

Yanzu ɗakin cike yake da buhunan albasar garin Jiratawa, ɗalibai sun watse. Rabi ta ninke farar rigarta ta karate a ƙasan akwati, ko zancen ba ta so. Ban ga mai sake buɗe wurin ba. Sharar kaɗai ta rage mata: daga bango take farawa, tana ja da baya har ƙofa, yadda ya koya musu.

Allah Ya sanyaya masa makwanci.